Dutsen Kaya

Rakiya wahala ce. Ba ni da wani suna mai daɗi da zan sa mata. Shekara goma sha ɗaya na yi a Guangzhou ina wannan aiki, abin da na dawo da shi Kano shi ne gwiwar da ke ƙara in zan yi sujada, da cikin da ba ya son ganin shinkafa. Yanzu samari kan zo su zauna a bencin ƙofar shagona, kowa da waya a hannu, su ce, "Baba Habu, ai ku kun ci banza. Ka bi Alhaji kasuwa, ka ce kaza ka ce kaza, a sallame ka." Wani ma nuna mini wayarsa ya yi, wai yana yi mata Hausa tana mayar masa da yaren Chana. Na ce madalla. Ita waya ba ta da sunan da zai ɓaci.

Ga aikin ɗan rakiya, ga wanda bai sani ba. Ɗan kasuwa zai sauka a filin jirgin Baiyun, ba ya jin ko kalma ɗaya, ko allon banɗaki ba zai iya karantawa ba. Kai za ka tarbe shi, ka kai shi masauki, ka nemo masa inda zai ci halal. Da safe ka sa shi gaba zuwa kasuwa. Kai ne bakinsa, kai ne kunnensa. In ya zaɓi kaya, kai za ka bi su sito, ka farke kwali ka duba, ka tsaya a kansu har a rufe kwantena a ja ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Shi yana otal ya miƙe ƙafa, kai kana cikin zafin da ke manna maka riga a baya kamar an shafa mata koko.

Kayan aikina duk a jaka ɗaya suke, wadda nake ratayawa ta gaba saboda masu yankan aljihu. Kalkuleta mai manyan lambobi, tef na awo, reza, baƙar maka ta rubuta sunan mai kaya a jikin kwali. Sai damin katunan shaguna da na ɗaure da roba, wanda ya fi mini komai. Ni aji huɗu na yi a firamare, rubutun boko ma da kyar, balle nasu mai kama da tafiyar kaza a kan yashi. To kowane kati sai in zana masa alama a baya. Mai silifa in zana silifa, mai takalmin mata in zana tsini. Wanda ya taɓa canza mini kaya bayan an gama ciniki in ja masa baƙin layi.

Aikina na farko a hannun Baba Isaka na yi shi, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya riga mu zuwa ƙasar. Kwali ɗari da wani abu ne na takalmin maza a wani sito bayan Zhanxi Lu, kasuwar takalma da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Na buɗe na sama, na ga suna ƙyalli, na ce sun yi. Ya ce, "Cire silifanka." Na cire. Ya ce, "Sa ƙafa." An rubuta lamba arba'in da huɗu, amma diddigena a waje ya tsaya. Ya ce, "Arba'in da huɗun ɗan Chana ke nan. Wa za ka sayar wa a Kano, 'yan tsana?" Daga ranar ƙafata ta zama ma'auni. Shi ya koya mini in lanƙwasa tafin takalmi in saurari ko zai yi ƙara, in shinshina gam, don ɗanyen gam kwana arba'in a cikin zafin kwantena sakin baki yake yi. Yaren ma a bakinsa na tsince shi, ba a takarda ba. Nihau, sannu. Sheshe, na gode. Lawban, mai gida. Meyo, babu. Hwo, kaya. Kan hwo, duba kaya. Da waɗannan da 'yan'uwansu na ci abinci shekara da shekaru, har na fara ɗauka na iya.

Sai shekarar wasannin Olamfik ta zo. A Beijing ake wasan, amma mu a Guangzhou muka sha dukan. Biza ta yi wuya. Wanda a da ake ba shi wata uku sai a ba shi 'yan kwanaki, wani a hana shi gaba ɗaya. Ko'ina tambayar fasfo. Gidajen abincinmu da a da sai ka jira kujera, ka shiga ka tarar da mai dafuwa yana kallon talabijin. 'Yan rakiya da yawa suka tattara suka koma gida, har da Baba Isaka. Ni na zauna, ina zuwa Baiyun ina tsayawa a ƙofar fitowa ko Allah zai jefo wani. Wata biyu ban raka kowa ba.

Mutum ɗaya ya rage mini, Alhaji Lawali na Maraɗi. Dogo ne, siriri, mai farin gemu kaɗan a haɓa, ba ya kirana da sunana sai Bakano. Shi kaɗai ba wani babban ciniki ba ne, amma bakinsa babba ne. Duk ɗan Maraɗi ko Yamai da na taɓa rakawa, shi ya turo mini shi. In ya ce Habu ya iya, na iya. In ya ce Habu ya lalace, sai in nemi tikitin gida. Ya samu biza ta mako biyu, ya zo neman takalman Sallah, kuma in kayan ba su hau ruwa a wannan watan ba, sai bayan Sallah za su isa, lokacin da kowa ya riga ya saya.

Kwana huɗu muka yi muna zaga Zhanxi Lu, hawa da sauka. Samfur na nan a kan kanta, amma ka ce kana son kwali ɗari biyu, sai meyo. Masana'anta ta rage aiki, mota ba ta shigowa, a dawo bayan wasanni. Alhaji har ya koyi kalmar. Kafin in buɗe baki sai ya ce, "Na ji, meyo. Mu tahi."

A rana ta biyar na leƙa shagon wani da muke kira Lawban Lin, mutumin kirki, katinsa ba baƙin layi. Na tarar yana haɗa jaka. Ya ce tunda ba ciniki, zai kai iyali garin su matarsa su huta, wani tsibiri can kudu. Ya ce ya kamata in je wata rana, akwai hwoshan a can.

Kunnena ya tashi. Hwo na sani, kaya. Shan ma na sani, dutse ne, don akwai tsauni a bayan gari da suke kira Baiyun Shan. Dutsen kaya.

Na ce, "Hwo? Shan?"

Ya ce haka ne, haka ne.

Na ce, "Babba?"

Ya buɗe hannuwa iya tsawonsu.

Na ce baƙo zai iya zuwa ya duba? Ya ce sosai, tikiti kawai za a saya a ƙofa. Wannan bai dame ni ba, don babban baje kolin garin ma sai da kati ake shiga. Ya yagi takarda ya rubuta mini sunan wurin da nasu rubutun. Tun kafin in sauko daga benen na riga na gina labarin a kaina. Ga inda kayan suka maƙale. An hana su shigowa birni, sun taru a tsibiri har sun yi tsauni, kuma duk cikin 'yan rakiyar Guangzhou ni kaɗai na sani.

Alhaji ya ce, "Ka tabbata, Bakano? Kwanakina ƙidayayyu ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da kunnena na ji."

Mota muka hau tun safe, ba mu isa Beihai ba sai da rana ta faɗi. Gari ne a bakin teku. Duk wanda na nuna wa takardar sai ya yi murmushi ya nuna mini hanya, ni kuwa ina cewa a raina ashe wurin sananne ne. Da gari ya waye muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin, Weizhou sunansa. Alhaji bai taɓa hawa ruwa ba. Ya kama ƙarfe da hannu biyu, bakinsa na motsi. Da cikinsa ya ɗan kwanta sai ya fara duban mutanen da ke jirgin. Saurayi da budurwa da hula iri ɗaya. Tsofaffi da kyamara. Iyali da tayar roba ta iyo.

Ya ce, "Waɗanga su ne masu sayen kaya?"

Na ce, "Iyalan ma'aikata ne, Alhaji."

A gaɓa ban ga kwantena ko ɗaya ba, ban ga tirela ba. Wata mata mai faffaɗar hula ta ɗauke mu a babur mai ƙafa uku. Hanya siririya, ayaba dama da hagu, ganyenta na shafar kafaɗarmu, ƙasar ja wur kamar an yanka rago a kanta. Iska na kawo warin gishiri. Ba ƙarar inji ko ɗaya. Tun daga nan na fara jin kamar ba ni ne a cikin jikina ba, kamar mai zazzaɓin da ke kallon rufin ɗaki.

Ta sauke mu a gaban wani gini mai tsabta, da furanni a ƙofa. Na sayi tikiti biyu. Ciki da sanyi da ɗan duhu. Akwatunan gilashi jere a bango, kowanne da fitila, kowanne da dutse a ciki. A tsakiya wani babban tebur, an gina tsibirin gaba ɗaya a kansa, ƙarami, da ruwansa shuɗi da 'yan gidaje kamar ƙwayar masara. Wata budurwa mai aiki a wurin ta taso, da 'yar lasifika a ɗaure a ƙugu. Na gaishe ta, na ce mun zo kan hwo, ina hwo ɗin yake?

Ta yi dariya, ta danna wani maɓalli a gefen teburin. Sai jan haske ya taso daga ƙarƙashin ruwan, ya hau, ya hau, har tsakiyar tsibirin ya yi ja kamar garwashi. Ta nuna shi da yatsa ta ce, "Hwo."

Ba yadda nake faɗa ta faɗa ba. Muryarta ta sauka ƙasa ta sake ɗagowa, kamar guga a rijiya. Na kaya kuwa jefar da shi ake yi, gajere, kamar ka sauke buhu daga ka. Shekarata nawa ina jin su biyun, ban taɓa raba su ba, don a kasuwar takalma ba wanda ke zancen wuta. Wuta take nufi. Dutsen wuta. Dutse mai aman wuta, wanda ya mutu tun kafin kakannin kakanninta, aka gina masa gida ana nuna wa baƙi tarihinsa.

Alhaji ya taɓo ni, yana neman sito, wanda su ke kira mangaza. "Mi ta ce? Ina mangazar?"

Ku da kuke cewa aikin banza ne, ku tsaya a nan. Mutum ya bar ƙasarsa, ba ya ji, ba ya karantawa. Duk abin da ya fito daga bakinka, shi ne ƙasar Chana a wurinsa. Kuma a wannan shekarar akwai ƙarya guda da ta dace da kowace ƙofa.

Na ce, "Ta ce an rufe siton saboda wasanni. An kwashe kayan shekaranjiya."

Ya cire hula ya share kai. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba laihinka ba ne, Bakano. Mutane na gudu a hilin wasa, mu muna asara. Bon, shi ke nan. Tunda mun shigo, kuma jirgi sai gobe, mu ga abin da ke akwai."

Haka muka bi yarinyar nan akwati akwati. Tana magana, ina tsintar kalma ɗaya cikin biyar, sauran ina cikewa da nawa. Ta kai mu wani ɗaki mai duhu aka kunna majigi. Teku ne shiru, ba komai a kansa. Sai ya fara tafasa. Hayaƙi ya tashi fari, sannan baƙi, sannan wuta ta ɓullo daga cikin ruwan, ruwa bai kashe ta ba. Tana zuba tana daskarewa, tana zuba tana daskarewa, har ƙasa ta fito inda babu ƙasa. Sai ruwan sama, sai ciyawa, sai tsuntsaye. Na juya na ga Alhaji da hula a hannu, baki a ɗan buɗe, jan hasken na wasa a gemunsa.

Ya ce a hankali, "Nan inda muke tsaye?"

Na ce, "Nan."

Wannan kam gaskiya na faɗa.

Akwai wani dutse mai ƙofofi kamar burodi. Ta ɗauko guntu ta jefa a kwanon ruwa, ya tsaya a sama yana juyawa. Alhaji ya danna shi da yatsa, ya nutse ya dawo. Ya sake dannawa. Ya ɗauko shi ya juya, sai ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka.

"Wanga ai dutsen goge kaushi ne. Matan Maraɗi za su yi layi. Tambaye ta, kwantena guda nawa?"

Na tambaya. Ta rufe baki tana dariya, ta ce meyo.

Ya ce, "Har dutse meyo."

Wani kuma ƙato ne, mulmulalle kamar kabewa. Ta yi dogon bayani, tana nuna sama da hannu. Ban kama komai ba. Na ce wa Alhaji ta ce sarkinsu na da ne ya sa aka sassaƙa shi don auna hatsi. Ya gyaɗa kai ya ce lalle mutanen da suna da hikima.

Da muka fito, mai babur ta kai mu bakin wani gangare, muka sauka da ƙafa ta matakala har gaɓar teku. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba, kuma ban sake ba. Bangon dutsen layi-layi ne, baƙi, ja, ruwan toka, rawaya, kamar an jera bandiran shadda tun daga ƙasa har sama ba mai saye. A ƙasa dutsen ya yi ninki, ya yi murɗe, kamar dalmar da aka zubar ta sandare tana cikin gudu. Ruwa na shiga ramuka yana fita da wani sauti kamar numfashin mai barci. Daga can sama ana hango inda tsibirin ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ruwa kwance a tsakiya. Wannan lanƙwasar ita ce bakin wutar. Jiragen masunta na ciki birjik, ba sa ko motsi, wata mata a kan ɗaya tana shanya wanki.

Alhaji ya ce, "A cikin bakin wuta take shanya."

Muka biya ta wani ƙauye mai tsohuwar majami'a, an gina ta da baƙin dutsen da wani farin dutsen teku mai kama da saƙar zuma. Ba mu shiga ba. Alhaji ya shafa bangon, ya ƙwanƙwasa, ya ce maginin ya san aikinsa. Tsofaffin mata na zaune a inuwa suna gyaran kifi, ba su ko ɗago ba. Ba mu sami abin da muka yarda da shi ba sai ayaba da gasasshen kifi, su muka ci a tsaye. Duk yinin nan ban ji an ce nawa ne ba, ban taɓa kalkuleta ba. Jakar na rataye a ƙirjina kamar ta wani.

La'asar a kan baƙin dutsen muka yi ta, muka fuskanci inda rana ke gangarawa. Da na sa goshi na ji ɗumi. Bayan sallama Alhaji ya shimfiɗa tafin hannu a kan dutsen ya daɗe.

Ya ce, "Wutar ba ta mutu duka ba."

Na ce rana ce ta gasa shi. Ya ce in bar shi da abin da ya ji.

Sai ya gyara zama, ya fara lissafin gaba. Ya ce in an gama wasanni za a buɗe mangazar. Zai dawo da mutum shida daga Maraɗi, da wasu daga Yamai, in kawo su nan kafin kowa ya ji. Ya ce, "Zan gaya musu Bakanon nan ya san inda 'yan Chana ke ɓoye kaya. Sai ka gaji da baƙi."

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah kaɗai ne ya buɗe mini baki ba. Hango kaina na yi a jirgin nan da Alhazai goma, kowa da jakarsa, da yarinyar nan tana danna maɓalli.

Na ce, "Alhaji, ba sito."

"Ka hwaɗi. An ruhe."

"Ba a rufe ba. Ba a taɓa yin sa ba. Ni na ji ba daidai ba."

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce kamar kuka ne da kuka, na ido da ta miya. Baƙo zai ce kalma ɗaya ce, amma ko yaron goye ba zai haɗa su ba. Na ce mutumin wuta ya ce, ni na ji kaya, don kaya nake so in ji.

Ya zuba wa tekun ido. Ruwa ya shiga ramin da ke gabanmu ya fita ya fi sau goma. Wata ƙaramar kaguwa ta fito ta bi ta gefen takalminsa ta wuce.

Ya ce, "Hwaɗi su in ji."

Na faɗi na wuta, na faɗi na kaya.

"Ni duk ɗaya na ji."

"Ni ma haka, ranka ya daɗe, sai yau."

"Kwana ukku, Habu." Ranar ya fara kirana da sunana, kuma ban ji daɗinsa ba. "Kwana ukku cikin sha huɗu. Kuskure na kowa ne. Amma ka dube ni cikin ɗakin can ka ce an ruhe, ni kuma ina ba ka haƙuri kamar wawa."

Na sunkuyar da kai. Na riga na fara tunanin wa zan bar wa katifata da tukunyar gas.

Ya ce, "Tsaya. Abin da yarinyar ga ta hwaɗi, wanne ne nata, wanne ne naka?"

"Kusan rabi nawa ne."

"Ruwan da ya tahwasa?"

"Nata ne. Ai ka gani a majigi."

"Bakin wuta, inda jirage suke?"

"Nata."

"Sarki mai awon hatsi?"

"Nawa ne."

Ya yi tsaki mai tsawo. "Shi ko na hi so. Har na shirya yadda zan ba jikokina." Ya ɗauki tsakuwa ya jefa a ruwa, ta nutse. "To mi ya yi dutsen ga mulmulalle?"

"Ban sani ba, Alhaji."

"Shekara nawa muna tare, yau na hwara jin wagga kalma a bakinka."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Ya tsaya yana kallon jiragen da ke cikin lanƙwasar, rana ta mayar da ruwan kamar man ja. Na ɗauka ya manta da ni. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da ka yi shiru, da na kwaso mutane na kawo su nan, da ni za a yi wa dariya har in mutu. Aikinka na nan. Ban canza ɗan rakiya. Amma labarin ga nawa ne, kuma sai na ba da shi. Maraɗi, Yamai, har Makka in Allah ya kai ni."

Na ce, "Alhaji, a rufa mini asiri."

"A'a. Ɗaya za ka samu, ba biyu ba. Jirgi nawa ne gobe?"

"Akwai na safe, akwai na yamma."

"Na marece za mu shiga."

Na ce kwanakinsa fa? Ya ce wanda ya ƙona uku ba shi da bakin yi masa tsimin rabin yini.

Ya cika maganganun nan nasa duka biyun. Takalman Sallah rabin abin da yake so muka harhaɗa, shago shago, aka rufe kwantena ana gobe bizarsa za ta ƙare. Baƙi kuma ya ci gaba da turo mini su, sai dai duk wanda ya fito daga Baiyun ya hango ni, tun daga nesa yake washe baki yana cewa, "Kai ne Dutsen Kaya?" Har na bar ƙasar ba wanda ya sake kirana Habu.

Amma kafin mu bar tsibirin, washegari da safe, na nemo mai babur ɗin nan, muka koma gidan duwatsun, na sake sayen tikiti biyu. Yarinyar ta gan mu ta yi mamaki. Na roƙe ta ta yi magana a hankali. Muka tsaya a gaban mulmulallen dutsen, ta nuna sama, ta yi bayani. Alhaji ya ce mi ta ce, na ce ban kama ba. Ya ce a sake. Ta sake, ban kama ba. A karo na huɗu ta ajiye lasifikar, ta dunƙule takarda ta cilla sama tana juya yatsa, har ta faɗo a tafin hannunta. Na ce, "Alhaji, wutar ce ta tofo shi yana ruwa-ruwa. A iska ya yi ta juyawa, ya daskare kafin ya faɗo."

Ya ce, "Nata ne ko naka?"

Na ce, "Nata ne."

Ya ce, "To mu je na gaba."